Yaya ake mayar da zanen vekta hoto a cikin PDF amma rubutu ya tsira?

Ɗan Taswira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da fayil ɗin PDF mai ɗauke da taswirori da jadawalin ɗige-ɗige, duk zanen vekta ne. Sai shafi ya daɗe yana juyawa kafin ya buɗe, na'urar bugawa ma tana sanƙarewa. Ina so zanen ya koma hoto, amma rubutun ya zauna yadda za a iya nemansa a kwafe shi. Mafita?

Malam Fiksel:
Wa alaikumus salam. Abin da ke jawo nauyin shi ne, a vekta kowane layi da kowane ɗigo umarni ne da manhaja za ta zana ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka buɗe shafin. Hoto kuwa sau ɗaya ake shimfiɗa shi. Dabarar ita ce ka raba fayil ɗin gida biyu da Ghostscript (manhajar sarrafa PDF da ake ba umarni a rubuce da gs), sannan ka sake haɗawa.

Da farko fitar da rubutu zalla:

gs -o rubutu.pdf -sDEVICE=pdfwrite -dFILTERVECTOR -dFILTERIMAGE asali.pdf

Sai ka mayar da sauran hoto, ban da rubutu:

gs -o zane.pdf -sDEVICE=pdfimage24 -r300 -dFILTERTEXT -dGraphicsAlphaBits=4 asali.pdf

Daga nan qpdf, manhajar haɗa da raba fayilolin PDF, ya shimfiɗa hoton a ƙarƙashi:

qpdf rubutu.pdf --underlay zane.pdf -- sakamako.pdf

Ka lura rubutu.pdf na sa a matsayin tushe, don qpdf yana riƙe mahaɗan dannawa da alamomin babi na fayil ɗin tushe ne. In ka juya su, za ka rasa waɗannan. Shi kuma GraphicsAlphaBits yana goge kaifin gefen layuka, in babu shi layin da ya karkata sai ya fito kamar haƙoran zarto.

Hajiya Mai Ɗab'i:
Malam ya kawo hanya mai kyau, amma ɗan'uwa kafin ka fara, ka gwada pdffonts, umarnin da ke jero font (salon haruffa) da ke cikin PDF, a kan fayil ɗin. In bai nuna ko font ɗaya ba, ko ka ga sunayen garuruwa a taswirar ba sa zaɓuwa da linzami, to an riga an mayar da haruffan zane. A idon Ghostscript su ma vekta ne, za su bi sauran su zama hoto. A nan ba abin da ya rage sai OCR, wato manhajar karanto rubutu daga hoto, wanda kuma kan karanta ƙ a matsayin k, ɗ a matsayin d, sai an bi an gyara da hannu.

Abu na biyu, tsarin abin da ke sama da na ƙasa zai sauya. Yanzu duk rubutu ya hau saman komai, saboda haka kalmar da aka ɓoye da farin akwati ko baƙin tabo za ta fito fili. In takardar na da bayanan sirri da aka rufe ta haka, don Allah a duba shafi-shafi kafin a tura wa kowa.

Batun girma kuma, shafin A4 a 300 dpi (yawan fiksel, wato ɗigon hoto, a kowane inci) fiksel 2480 ne a faɗi, 3508 a tsawo, wato kusan megabait 26 kafin a matse. A 600 dpi ya ninka huɗu. Don karatu a allo 150 kan wadatar, don bugawa 300. Kada ka matse zanen layuka da JPEG, yana barin dishi-dishi a gefen sirarran layuka. Sannan layukan tebur, jan layi a ƙarƙashin kalma da sandar raba lamba a lissafi duk vekta ne, su ma za su koma hoto, don haka in ka rage dpi da yawa su ne za su fara dusashewa.

Injiniya Jadawali:
In fayil ɗin asali na hannunka, gyara daga tushe ya fi duk wannan tsafta. A matplotlib, kayan zana jadawali na Python, ka sa rasterized=True a kan ɗige-ɗigen kaɗai, ka ba savefig dpi=300. Ɗige-ɗigen su zama hoto, lambobi da layukan gefe su zauna vekta. Masu amfani da harshen kwamfuta na R suna da ggrastr don wannan aikin. A Inkscape, manhajar zanen vekta, ka zaɓi zanen ban da rubutu, ka danna Alt+B ya yi maka kwafin hoto, sai ka share vektan da ke ƙasa. In ka bar shi, nauyin yana nan.

Ɗan Taswira:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. pdffonts ya nuna haruffan suna nan daram. Shafuka kaɗan ne masu nauyin, ko dole sai na mayar da duka?

Malam Fiksel:
Amin. A'a, ba dole ba. In misali shafi na 7 zuwa 9 ne, ciro su da qpdf asali.pdf --pages . 7-9 -- nauyi.pdf, ka yi musu aikin, sannan ka mayar da su gurbinsu da wannan --pages ɗin. Sauran shafukan ka bar su vekta, sun fi fitowa tas in an zuƙo.