Takardar kakanmu ta ce Adar, mutanen gida sun ce Degel

Jikan Mai Gafaka:

Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta hana ni sukuni tun daminar bana, na ce bari in kawo ta nan ko Allah Ya sa a dace.

Mu 'yan cikin tsohon garin Sakkwato ne. Tun muna yara abin da muke ji a gida shi ne kakanmu na farko tare da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma yana cikin waɗanda suka fara kafa bukka lokacin da Muhammadu Bello ya gina garin nan a 1809. Da wannan labari aka rene ni, da shi nake renon 'ya'yana.

To a watan Agusta ruwa ya ci bangon ɗakin marigayi kakana. Muna kwashe kaya sai na ci karo da gafakarsa a ƙarƙashin wani tsohon adudu, fatar ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Cikin littattafan akwai warƙa guda da ba ta cikin jerin sauran, tawadar ta koma ja-ja, gara ta cinye gefen ƙasa. Rubutun hannunsa ne, na san shi. Ya rubuta sunansa, sai "bin" sau uku. Biyu daga cikin sunayen Muhammadu ne. A gaban na ƙarshen ya ƙara kalmomi biyu. Na kai wa malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa, ya karanta: "al-Adari, ad-dabbag". Wato Ba'adare, majemi. Babu Degel ko ɗaya a takardar.

Na nuna wa Baffana, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Ya daɗe yana kallonta, ya ninke, ya ce in mayar da ita inda na gan ta. Tun ranar bai sake ɗaga maganar ba, ni ma ban iya ba.

An haifi kakana shekarar yunwar Kakalaba, 1914. Shin sunaye uku a samansa za su iya kai wa zamanin hijira? Ina zan nufa in tabbatar? Wallahi ba don alfahari nake nema ba. Ina so in gaya wa yarana abin da yake gaskiya, ko mene ne shi.

Tsohon Malamin Makaranta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi abin kirki da ba ka jefar da warƙag ga ba. Ɗauki alƙalami mu yi lissahi.

Mutanenmu na da ba su riƙe shekara da lamba, da sarauta suka riƙe ta. Saboda haka kada ka tambayi tsoho "wace shekara", ce mishi "zamanin wa". Bello ya yi mulki 1817 zuwa 1837, Atiku har 1842, Aliyu Babba har 1859. Abdurrahman shi ne 1891 zuwa 1902. Turawa sunka shigo a watan Maris na 1903, anka yi yaƙi a Giginya. Daga baya ga Maiturare 1915, Tambari 1924, Hassan 1931, Abubakar na Uku 1938 har 1988. Ka rubuta wanga jeri a takarda guda, duk sunan da anka ba ka sai ka rataye shi inda ya dace.

In kakanka na 1914 ne, ka ba kowane uba shekara talatin da biyar: ubansa wajen 1879, na sama 1844, Ba'adaren nan 1809. Ka ga ke nan jariri ne ranar da anka aza harsashin garin, balle hijira. Amma kada ka yi saurin yanke hukunci. Gidan mata huɗu, dattijo mai shekara sittin yana samun ɗan auta. In tazarar ta kai arba'in da biyar sau uku, mutumin naka an haife shi wajen 1779, saurayi ne cikakke ranar da anka bar Degel. Na biyu, inda duk ka ga Muhammadu bisa Muhammadu, to ka yi zargin an haɗiye wani a tsakani. Masu haddace nasaba sukan mayar da mutum biyu masu suna ɗaya su zama guda.

Kuma wa ya ce maka Ba'adare ba ya zama mutumin Degel? Jama'ar Shehu ba Toronkawa kaɗai ba ce. Akwai Hausawa, akwai Buzaye, akwai Fulanin daji, almajirai sun taho daga ko'ina. Adar kuwa ga ta nan arewa da Ƙonni, ƙafa na kai mutum. In ma bayan jihadi ya zo, Bello ya jawo masu sana'a ƙwarai don garin ya tsaya da ƙafarsa: maƙera, marina, masaƙa, majema. Jar fatar akuyar Sakkwato da ta ƙetare Sahara har Turawa suna ce mata fatar Maroko, hannun irin kakanka ne ya jeme ta da bagaruwa.

Ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu nan cikin gari. Sai dai in gaya maka tun yanzu, littattafan su Gidado ɗan Laima da Waziri Junaidu malamai da sarakuna da mayaƙa sunka fi kawowa. Da wuya ka iske majemi da sunansa.

'Yar Wurno:

Baba Malam ya gama magana ta fannin maza. Ni kuma Yaya, tambayata ɗaya: ka je wurin gwaggonninka?

Takardarku "bin, bin, bin" ce, babu mace ko ɗaya, alhali labarin gida a ɗakin tsofaffin mata yake kwana. Ni na bi namu shekara uku da suka wuce. Maza sun ba ni sunaye biyar suka tsaya. Kakata ta wajen uwa ce ta buɗe mini sauran, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ban ma tambaye ta kai tsaye ba. Cewa na yi ta yi mini kirarin da ake yi wa amaren gidansu. A cikin kirarin nan sunan ƙauyen da suka baro ya fito, da sunan rijiyarsu. A bakinta na ji cewa ƙanen kakanta ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas a 1903, bai mutu a Burmi ba, ya wuce. Yanzu haka muna gaisawa ta WhatsApp da jikokinsa a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, Hausarsu da ɗan gauraye amma Hausa ce.

Abin da zai ba ka wahala shi ne alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na surukinta, ko na ɗan farinta, ko da sun shekara hamsin a ƙasa. Za ta ce "Malam", "Mai gidan nan", "mai sunan Baba". Kada ka matsa mata. Ka tafi da wata jika wadda za ta riƙa ambaton sunayen, ita kuma tana gyaɗa kai. Ka kuma lura da laƙabi: Garba Abubakar ne, Sanda Umaru ne, wanda ake kira Babangida sunan kakansa ya ci, to ka samu suna biyu a bugu ɗaya. Tambaye su irin tsagar da tsofaffin gidan suke da ita a fuska kafin a daina, da su wa suke wasan taubasantaka. Ka kunna rikoda a wayarka. Kakata ta rasu wata bakwai bayan hirarmu, Allah Ya jiƙanta.

Abu Hafsa:

Amin. Ɗan'uwa, a yi wa Baffa uzuri. Mutum ya shekara saba'in yana faɗin abu a zaure, ba ƙaramin nauyi ba ne yaro ya zo masa da takarda. Akwai kuma gidaje da yawa a ƙasar nan da bincike irin wannan yake kai su ga kakar da aka kamo a yaƙi, ko kakan da aka 'yanta, shi ya sa manya ke tsoron a tona. Duk da haka hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane, an haramta masa Aljanna. Wanda bai sani ba babu laifi a kansa. Kai da ka fara gani, ka faɗa wa yaranka iyakar abin da ka tabbatar, sauran ka ce "haka aka ce".

Ka je Dundaye. Har yau sarautar garin Sarkin Adar ce, kuma dattawan Adarawa sun san gidajen da suka shiga birni.

Jikan Mai Gafaka:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba Malam, na rubuta jerin sarakunan, na manna shi a bangon littafin da na ware don wannan aiki.

'Yar Wurno, jiya bayan la'asar na je wurin Gwaggo, ƙanwar kakana ta ƙarshe da ta rage, da 'yata ta fari. Na yi yadda kika ce. Da farko "Allah Ya jiƙan magabata" kawai take ta maimaitawa. Sai yarinyar ta tambaye ta dalilin da ya sa ake kiran bayan gidanmu "bakin rami" alhali babu rami. Gwaggo ta yi dariya, ta ce ramukan jima ne, guda huɗu, tana ƙarama aka cike su zamanin Sarki Abubakar. Ta ce warin bagaruwa har cikin tuwo, kuma kakanta hannuwansa baƙi ƙirin suke har ya koma ga Allah, ko ya wanke da sabulun salo. Ban taɓa jin wannan daga bakin namiji ko ɗaya a gidanmu ba.

Na tambaye ta Degel. Ta ce ita dai ta ji ana cewa tsohon na farko shi ke yi wa almajiran Shehu gafaka, amma a Degel ne ko a Sifawa ko bayan Shehu ya dawo Sakkwato a 1815, ta ce kada in sa ta faɗin abin da ba ta ji ba. Ta kuma ambaci wani Muhammadu na uku, makaho, wanda ba ya cikin takardar.

Na ɗauki hoton warƙar na ajiye, ita kuma na mayar da ita gafaka kamar yadda Baffa ya ce. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan tafi Dundaye. In akwai wanda ya san dattijon da ya kamata in fara yi wa sallama a can, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo.