"Than me" ko "than I": gardamar da ta tashi a zauren masu shirin JAMB na Sakkwato

Ɗaliba daga Mabera: Assalamu alaikum. Don Allah malamanmu a raba mana gardama. Jiya a wurin lesin an ba mu jimla mu gyara: "My brother is taller than me." Na bar ta yadda take, don ban ga aibinta ba. Mai koyar da mu ya ja mata jan biro, ya ce "than I" ne daidai, wai "than me" Turancin kasuwa ne. Tun jiya abin yana ci mini rai, saboda ko a bakin Turawan Ingila "than me" nake ji.

Tsohon hedimasta: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Malaminku bai zalunce ki ba. "Than" mahaɗi ce, jimla biyu take haɗawa. Cikakkar maganar ita ce "taller than I am", sai anka sauke "am", "I" ta tsaya a wurinta. Wa zai ce "taller than me am"? Haka anka koya muna a kwalejin horon malamai, haka munka koyar har munka aje alli.

Malamin Turanci: Allah shi ƙara wa Baba lafiya. Abin da Baba ya faɗa ƙa'ida ce sananniya, ni ma da ita na tashi. Inda ban yarda ba shi ne a ce wa yarinya "than me" ɓataccen Turanci ne. Ita wannan doka tana da tarihi. Robert Lowth, wani limamin coci a Ingila, yana cikin waɗanda suka kafa ta a littafinsa na nahawu na 1762, alhali marubutan Ingila sun daɗe suna sa "me" da "him" bayan "than". Shi kansa Lowth ya bar "than whom" ta wuce, bai ce a mayar da ita "than who" ba. Ƙamusoshin Oxford da Merriam-Webster na yau duk sun nuna "than" tana aiki biyu: tana haɗa jimla, tana kuma jan wakilin suna a bayanta kamar yadda "to" da "with" suke yi.

Mai shagon kwamfuta a Gawon Nama: Malam, da girmamawa, yaran nan ba tarihi za a tambaye su ba. Kullum ina kallonsu a gaban allon kwamfuta suna gwaji. Tambaya 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci ne. Wanda ya tsaya tuna limamin Ingila, agogo zai cinye shi. A faɗa musu wanda za su danna kawai.

Malamin Turanci: Zan faɗa, ai ba na ƙi ba. In akwai "than I am" a cikin zaɓin, ita za ki danna, ƙanwata, don babu mai jayayya da ita. In "I" da "me" ne kaɗai, shawarata ki ɗauki "I", saboda takardar jarrabawa Turancin rubutu take bi. Amma ki ɗauke ta da sanin dalili, kada ki fita da tunanin cewa bakinki ne ya lalace.

Tsohon hedimasta: To ai ka dawo kan maganata.

Malamin Turanci: A ɗakin jarrabawa na dawo, Baba. A wajensa ban dawo ba. Kuma akwai wurin da haddar "kullum I" take jefa ɗalibi rami. A duba waɗannan biyun: "She loves him more than I" da "She loves him more than me". Duka daidai ne, ma'anarsu ce ta bambanta. Da Hausa abin a fili yake: ta farko ita ce "ta fi ni son shi", ta biyu kuma "ta fi son shi a kaina". Yaron da aka ce masa "me" haramun ce bayan "than" zai gyara ta biyun, ya juya maganar gaba ɗaya, ya mai da wanda ake so ya koma mai so.

Ɗaliba daga Mabera: Wallahi sai yanzu na gane. Mu da muke cewa "ya fi ni tsawo", dole "me" ta riga zuwa bakinmu.

Malama daga Arkilla: Sannunku. Na bi maganar tun daga sama, kuma ni abin da ke damuna daban ne. Shekaru ina makin takardun 'yan aji shida, ba "I" da "me" ke kashe su ba. Ga wadda na ci karo da ita a makon nan, a takarda fiye da ɗaya: "The weather of Sokoto is hotter than Jos." Wata yarinya cikin masu takardun ta karanta sau uku ba ta ga komai ba. Na ce ta faɗa mini da Hausa. Ta ce, "Zafin Sakkwato ya fi na Jos." Na ce wannan "na" ɗin, ina kika kai ta a Turancin? Sai ta yi shiru, ta ɗauki biro ta rubuta "than that of Jos" da kanta. Yanayi ake gwadawa da yanayi, ba yanayi da gari ba. In jam'i ne sai a ce "those of": "The onions of Sokoto are bigger than those of my village", albasar nan ta fi ta ƙauyenmu. Harshenmu bai taɓa yar da wannan "na" da "ta" ba, mu ne muke hana yara waiwayarsa a ajin Turanci, har a ci su tara in sun yi Hausa.

Tsohon hedimasta: Nan kam ban da ja, Malama. Sai dai a yi hattara, Hausar da ta taimaka nan ita ka kada su wani wuri. Mu da "fi" guda muke duk kwatancinmu. Shi ya sa yaro ka cewa "more better", ko "he is senior than me", ko "I prefer tuwo than rice". "Senior", "junior", "superior", "inferior" daga Latin sunka zo da kwatancinsu a jikinsu, "to" suke ɗauka. "Prefer" ma "to" ta ke so.

Malamin Turanci: Baba ya lura kuwa? "He is senior to me" ake cewa, kuma babu wanda ya taɓa neman a ce "to I".

Tsohon hedimasta: Wannan "to" ce, ɗana, ba "than" ba. Kada ka haɗa min su. Ina nan kan bakana: wanda zai rubuta takardar neman aiki shi rubuta "than I am".

Malamin Turanci: Wannan na sa hannu.

Mai shagon kwamfuta a Gawon Nama: Tunda an zo nan, ga wadda ke kayar da su a shagona: "Lagos is bigger than any city in Nigeria." Kusan kowa sai ya wuce ta.

Malama daga Arkilla: Saboda Legas ɗin ma birni ce a Najeriya, jimlar ta sa ta fi kanta girma. "Any other city" ake so. Da a ce da biranen Nijar aka gwada ta, "any city in Niger" ta wadatar, tunda ba ta cikinsu.

Ɗaliba daga Mabera: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan koma wurin malaminmu da jimlolin "loves him" ɗin nan biyu, cikin ladabi, in ji abin da zai ce. Saura ɗaya a takardar: "Of the two sisters, she is the ___." Na sa "tallest", ita ma an soke.

Tsohon hedimasta: "Taller", ɗiyata, su biyu ne. Sai sun kai uku a ce "tallest". Ɗauko hoton takardar duka ki turo bayan la'asar, mu bi ta ɗaya bayan ɗaya.