Luka 7:47: ƙaunar matar nan ce ta jawo gafara, ko gafarar ce ta haifi ƙauna?

Maman Tabita, Tawa

Salama gare ku ƴan'uwa. Ni ke jan nazarin Littafi Mai Tsarki a zumuntar mata ta majami'armu, ran Laraba da la'asar. Wannan makon mun karanta labarin matar da ta shiga gidan Saminu Bafarisiye, ta jiƙe ƙafafun Yesu da hawaye, ta goge da gashinta, ta shafa musu turare. Aya ta 47 ta ce an gafarta mata zunubanta masu yawa domin ta yi ƙauna mai yawa. Sai wata dattijuwa cikinmu ta ce shi ke nan, ƙaunar ce kuɗin gafarar. Wata ta ce ina, Afisawa 2:8 ta ce bisa ga alheri ne. Har magariba ta kawo kai ba a rabu ba, kuma ni aka zuba wa ido. Don Allah wanda ya karanta Helenanci ya gaya mini, wace kalma ce ke ƙarƙashin "domin" ɗin nan?

Tsohon Fasto, Yamai

Sannu da aiki ɗiyata. Kalmar *hoti* ce, kuma ita kaɗai ba za ta raba muku gardama ba, don aiki biyu take yi. Wani lokaci tana faɗin abin da ya jawo abu, wani lokaci tana faɗin yadda aka gane abin ya auku. In kika fito da safe kika ce "an yi ruwa, don ƙasa ta jiƙe", ba jiƙewar ƙasa ta saukar da ruwan ba, shaida ce kike bayarwa.

Ki koma baya kaɗan, aya ta 41 zuwa 43. Mutum biyu ake bi bashi, ɗaya dinari 500, ɗaya 50. Duka suka kasa biya, aka yafe musu. Tambayar Yesu ita ce wa zai fi ƙaunar mai bashin. Kin ga yafewa ta riga, ƙauna ta biyo sawu. Ƙarshen ita aya ta 47 ɗin ma haka ya tafi: wanda aka gafarta wa kaɗan, kaɗan yake ƙauna. Ba a ce wanda ya yi ƙauna kaɗan za a gafarta masa kaɗan ba. Aikatau ɗin "an gafarta" kuwa a Helenanci siffar abin da ya riga ya tabbata ke gare shi, yana nan kuma daram. A aya ta 50 ya sallame ta da cewa bangaskiyarta ce ta cece ta.

Amma kada ki kunyata dattijuwar nan gaban yara. Tun zamanin da akwai manyan masu sharhi da suka karanta ayar kamar yadda ta karanta. Ni dai ban ga yadda fahimtar tasu za ta zauna lafiya da misalin masu bashin ba.

Ɗalibi Ba'adare

Baba Fasto, a yi mini izini in ɗora. Misalin ruwan nan naka ya tono wata matsala da tamu ce, ba ta Helenawa ba. "Don ƙasa ta jiƙe" a baki ba ya rikita kowa: in ka ja "taa" ka ba da dalili, in ka gajarta ta ka sauke murya ka faɗi nufi. A takarda kuwa duka "ta" ne. A jam'i dai ana ganin bambancin, "don sun ji" da "don su ji". Helenanci ya ware su da kalmomi: *hoti* na duban baya, *hina* na duban gaba.

Inda abin ya fi ɗaure mini kai shi ne dalilin da ya sa Yesu ke magana da misalai. Matiyu 13:13 ya sa *hoti*: saboda suna kallo ba sa gani. Markus 4:12 ya sa *hina*: domin su yi ta kallo kada su gani. Duka biyun daga Ishaya 6:9-10 suka ɗebo. Ɗaya ya ce makantar zuciyarsu ce dalilin misalan, ɗayan kamar yana cewa ita ce manufar. Akwai kuma kalmar Helenanci *diya*, wato "saboda". A Romawa 4:25 ta zo sau biyu a jimla guda: an ba da shi *diya* laifofinmu, an tashe shi *diya* baratar da mu. Ta farkon baya take dubawa, ta biyun yawancin malamai sun ce gaba.

Malamin Zaure

Ni Musulmi ne, wucewa nake na ga zancen nahawu na kasa haƙuri. Mu ma muna da irin wannan a Larabci. Harafin lamun yakan zo na bayyana dalili, yakan kuma zo na aƙiba, wato inda abu ya ƙare ko da ba a nufe shi ba. Misalin da malamai suka fi bayarwa yana Suratul Ƙasas aya ta 8: mutanen Fir'auna suka tsinci Annabi Musa, alaihis salam, don ya zame musu maƙiyi da baƙin ciki. Ai ba da wannan niyya suka ɗauke shi ba. Ɗalibi, ko *hina* ɗinku ma tana yin haka?

Tsohon Fasto, Yamai

Malam, barka da shigowa, zaure naka ne. Tana yi. Helenancin Sabon Alkawari na kasuwa ne da gida, wanda ake kira Koyine, kuma a cikinsa *hina* ta sassauta. Yohanna 9:2 shaida ce. Almajirai suka tambaya wa ya yi zunubi *hina* aka haifi mutumin nan makaho. Ba mai yin zunubi da niyyar a haifa masa makaho, sakamako suke nufi. Don haka ɗana Ba'adare, wannan layin da ka ja tsakanin baya da gaba, da fensir za ka ja shi. Sai dai ban yarda a yi saurin tausasa ta Markus 4:12 don kawai ta yi mana nauyi ba. Luka 8:10 ma *hina* ya sa, kuma Ishaya 6 kanta ba mai laushi ba ce.

Maman Tabita, Tawa

Na gode Baba, na gode Malam. Ran Laraba daga aya ta 41 zan faro, in bar su su ƙidaya dinaran da kansu. Amma Baba, tun da ka taɓo Yohanna 9, akwai wata a zumuntarmu da aka haifa mata yaro ba ya gani, dangin miji kuma sun sha gaya mata magana. Aya ta 3 ta ce ba shi ba ne ya yi zunubi, ba iyayensa ba, sai dai domin ayyukan Allah su bayyana a kansa. In ita ma *hina* ce, ta nufi ce ko ta sakamako? Na san za ta tambaye ni, kuma ba na son in amsa mata da ka.