In biya yara ne ko in buɗe aji?

Ɗan Jekadafari: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ina gina ƙaramin kwamfaila (manhajar da ke fassara umarnin da mutum ya rubuta zuwa abin da kwamfuta ke ganewa) a kan LLVM, wato kayan aikin gina kwamfaila, na wani harshen kwamfuta da ake rubuta "idan" da "maimaita" da Hausa. Yana nan a buɗe a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja wasu su gani su turo gyara, amma ban da ni babu mai taɓa shi. Naira dubu 150 gare ni. In riƙa ba ɗalibai biyu na sabulu, ko in kama ɗaki mu riƙa karatu ran Asabar?

Na Herwagana: Wa'alaikumussalam. Bar LLVM ɗin nan, koma harshen kwamfuta na Rust.

'Yar Tudun Wada: Yaya, ai shi ma Rust a kan LLVM yake tafiya.

Malamin Bolari: Kada ka ba kowa sisi. Na ɗauki wani yaro wata biyar, na zauna da shi har ya gane yadda ake yanka rubutu kalma-kalma kafin a gina bishiyarsa, wato tsarin da ke nuna alaƙar kalmomin. Na ƙara wa kwamfutarsa RAM da kuɗina, dubu 35, don da 4GB ba ta iya haɗa LLVM, tsayawa take cak. Ran da hannunsa ya faɗa, ya samu aikin waje ta intanet. Ko sallama. Gyaran da ya bari rabi har yau yana nan, ina gani zuciyata na ƙuna.

Na Herwagana: Dubu 35? An yanke ka, Malam. Ni 18 na saya.

Malamin Bolari: Tsohuwa ka saya. Kuma wanda bai taɓa tura gyara an karɓa ba, ya saurara mana.

'Yar Tudun Wada: Haba Malam, GCC, wani babban kwamfaila, tun 1987 yake, da baƙi ya girma. Ni abin da ya kore ni daga wani aiki, na tura gyara aka yi wata biyu babu ko "mun gani". A ware ƙananan ayyuka na sababbi, a amsa da wuri.

Ɗan Arawa: A raba tsire ran Asabar, wallahi har masu Keke za su zo su gyara kwamfaila.

Na Herwagana: Da wace wutar za a yi ajin? Jiya saura kaɗan kwamfutata ta gama haɗa manhaja aka ɗauke, batir ya mutu. Kwana uku ke nan muna cikin duhu, ga takardar kuɗi an manna a ƙofa.

Malamin Bolari: Ku nawa suka rubuto muku wannan watan?