Shin Dokokin Mulkin Mallaka Sun Gaza Fayyace Wane Ne Farar Fata?

Barista: Iƙirarina shi ne dokokin da aka kafa don rarraba mutane bisa launin fata sun gaza tun daga tushe, domin babu wadda ta iya fayyace wane ne farar fata ba tare da ta yi tuntuɓe ba. A dubi dokar rajistar jama'a ta Afirka ta Kudu ta 1950, wadda ta gaji tsarin mulkin mallaka. Ta ce farar fata shi ne wanda ake ganinsa fari a ido, ko wanda jama'a suka ɗauka a haka, sannan ta cire wanda yake fari a ido amma aka san shi a matsayin ruwa biyu. Dokar da ta jingina hukuncinta ga ra'ayin maƙwabta ai ba ta cika doka ba.

Malamar Tarihi: Barista, da girmamawa, ana auna gazawa ne da abin da aka nufa, kuma abin da suka nufa shi ne rabon ƙasar noma da aiki da kotuna. A Indonesiya ƙarƙashin Holan, dokar 1854 ta raba Turawa da 'yan asalin ƙasa, amma a 1899 sai aka mayar da Japanawa Turawa a idon doka, aka bar Sinawa inda suke. Fatar kowa ba ta canja ba, Japan ce ta yi ƙarfin da ba a iya raina ta. Wannan sassaucin ma'ana shi ne ya ba su damar shigar da wanda suke so, su fitar da wanda ba sa so.

Ɗalibi: Malama, a gafarce ni, me ya hana su dogara da nasaba kawai, tunda ita ana iya rubuta ta?

Barista: Sun gwada, ɗana. Sandra Laing, wadda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1955, iyayenta duka farare ne a takarda, amma a 1966 hukuma ta mayar da ita ruwa biyu saboda kamanninta, aka fitar da ita daga makarantar farare. A 1967 aka gyara dokar ta fifita nasaba, aka sake mayar da ita fara. Bin nasaba da nisa kuwa haɗari ne gare su, domin yawancin tsofaffin gidajen Turawan da suka zauna a can ba su rasa kaka baiwa ko 'yar asalin ƙasa ba. Har ta kai jami'ai suna soka fensir a gashin mutum don su yanke hukuncin jinsin da za a sa shi.

Malamar Tarihi: Wannan abin kunya ne, na yarda, amma bai hana dokar aiki har 1991 ba. A Aljeriya, Faransa ta ba Yahudawa cikakken matsayin 'yan ƙasa a 1870, ta bar Musulmi sai wanda ya amince ya bar hukuncin Shari'a a aure da gado. A 1903 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Aljas ta ce wanda asalinsa Musulmi ne, ko ya koma Kirista, sunansa Musulmi a doka. Duk ƙofar da kalma ta buɗe, alƙali ya rufe ta.

Barista: To, Malama, yaya za ki yi da Namibiya? Jamusawa sun haramta auren farare da baƙaƙe a 1905, a 1907 kuma kotu ta rushe irin wannan auren da aka ɗaura tun kafin haramcin, sai ga 'ya'yan Jamusawan kansu sun wayi gari 'yan asalin ƙasa, iyayensu maza suna kai koke. Dokar ta ci na gida.

Malamar Tarihi: Ta ci wasu na gida, amma hukuma ta ga asararsu ba ta kai ribar tsare iyakar ba, shi ya sa ba ta janye haramcin ba.