Masu gida a Birtaniya, me kuka gani game da boila (na'urar ɗumama ruwa da ɗakunan gida)?

Maman Biyu, Manchesta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun samu gida mai ɗakuna uku, ciniki ya kusa faɗawa. Mai gidan ya ce boilar kombi ce, ta haura shekara goma. Don Allah waɗanda suka riga mu saye ku ba mu haske.

Baban Yara, Lesta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Irinta ce a gidanmu. Kombi ba ta da tanki, sai an buɗe famfo take ɗumama ruwan nan take. Ga ƙaramin iyali ba ta da laifi. Mu kuwa muna da yawa, to da asuba lokacin hunturu wani yana wanka a sama, wata ta buɗe famfon kicin, wani kuma yana alwala, sai ruwan ya raunana ya huce. In banɗaki biyu ne a gidan, mai tankin ajiye ruwan zafi ta fi dacewa da ku. Shekarunta ma abin dubawa ne, yawanci daga 10 zuwa 15 suke fara gajiya.

Yaya Babba, Landan:
Ƙanwata, kada ki dogara da rahoton mai duba gini. Namu ya duba rufi da bango, boila kuwa kallonta kawai ya yi ya rubuta a nemo masani. Mun kira injiniya mai rajistar Gas Safe, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas, ya gano bawul yana yoyo, da wannan muka sa aka rage mana kuɗin gidan. Ki nemi takardun sabis na shekara-shekara da shaidar wanda ya saka ta. Ranar da za ki koma kallon gidan, ki ce a kunna ɗumama, ki taɓa kowace radiyeta, wato ƙarfen jikin bango da ruwan zafi ke bi ta cikinsa yana ɗumama ɗaki. In sama ce da sanyi, iska ce ta taru, ƙaramin makulli ke fitar da ita. In ƙasa ce da sanyi, datti ne ya kwanta, wannan sai an wanke bututun duka. Allurar ma'aunin matsin ruwa da ke jikin boila kuma ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 in boila ta huce.

Malama, ƙauyen Sikotiland:
Mu nan bututun gas bai iso ba, tankin mai ne a bayan gida, sai mun yi oda mota ta kawo. Duk mai sayen gida a karkara ya tambayi wannan tun farko. Kuma don Allah ku sa na'urar da ke kuka idan iskar kabon monoksaid ta fita, ba ta da wari ko launi, tana kisa cikin barci.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri. Na tura wa lauyanmu saƙo ya nemo takardun sabis ɗin. Yaya, injiniyan ku kuka biya shi ko mai gidan?