Wace doka ce ke kula da masu awon fili, kuma wa zai matsa a gyara ta?

Malami daga Rigachikun:
Assalamu alaikum. Shekara uku da suka wuce na sayi fuloti a bayan Rigachikun, kuma dillalin ya kawo wani mutum da ya ce safiyo ne, ya auna filin, ya kafa turakun siminti, ya ba ni zanen shaci. Da na tashi aza harsashi bana, sai maƙwabcina ya fito da nasa zanen, wanda ya nuna turakuna biyu suna cikin filinsa. Da muka bincika muka gano cewa mai awon nawa ba shi da rajista. Ina neman masana su bayyana mana dokar da ta hana irin wannan, da kuma abin da ƙungiyar masu sana'ar ke yi a gaban 'yan majalisa.

Safiyo mai ritaya, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri. Dokar tana nan, domin tun 1989 gwamnatin soja ta kafa hukumar SURCON da doka mai lamba 44, kuma ita ce kaɗai ke yi wa masu awo rajista a Nijeriya tare da ladabtar da wanda ya karya ƙa'ida. Wanda sunansa ba ya cikin rajistarta ba shi da ikon sa hannu ko buga hatimi a kan zanen fili, ko da ya iya riƙe na'ura. Ƙungiyarmu ta masu awon fili, wato NIS, kuwa ta girmi 'yancin kan ƙasar, tun da asalinta na komawa 1934, zamanin Herbert Macaulay, wanda shi ma mai awo ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne zartarwa. Hukumar tana iya soke rajistar ɗanta idan ya yi ha'inci, amma wanda bai taɓa shiga rajista ba sai an bi ta hannun 'yan sanda da kotu, kuma mai ƙaramin fuloti ba ya iya wannan zirga-zirgar. Akwai kuma dokar daidaita ayyukan awo ta 1962, wadda aka rubuta tun ana jan sarƙa a daji, kafin na'urar tauraron ɗan'adam da jirage marasa matuƙa su shigo aikin. Tun ina aiki nake ganin wannan ita ce ta fi cancantar a kai wa Majalisar Tarayya.

Lauya daga Barnawa:
Baba, na yarda da bayaninku, amma a ganina Abuja ta yi wa Malam nisa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, kuma sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya kare ta, ta yadda ba a gyara ta sai da amincewar majalisun jihohi 24. Saboda haka ƙofar da ta fi sauƙin buɗewa ita ce ta Zauren Lugard, inda majalisar dokokinmu ta Jihar Kaduna ta yi dokar da ta kafa KADGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta jihar, a 2015. Abin da nake so a nema a can shi ne a wajabta rubuta suna da lambar rajistar mai awo a jikin kowace takardar cinikin fili, kuma dillali ya ɗauki alhaki idan ya kawo na bogi, domin shi ne ke zaɓo mai awon, ba mai saye ba.

Mai sayar da bulo, Mando:
Hajiya lauya, a ƙara da batun kuɗi. Mutanen da ke sayen bulo a wurina ba don ƙin doka suke gudun mai rajista ba, kuɗin awon ne ke yi musu nauyi bayan sun gama biyan dillali da shaidu. Idan ƙungiyar za ta je majalisa, ta tafi da shawarar a riƙa auna unguwa guda a lokaci ɗaya, a raba kuɗin tsakanin masu fulotai.

Safiyo mai ritaya, Unguwar Rimi:
Wannan shawara ta Alhaji tana da ma'ana, kuma awon taro ya fi daidaito, tun da iyakokin duka suna tashi daga ma'auni ɗaya. Malam, kafin a kai ga majalisa, ku haɗu da maƙwabcin naka a gaban mai unguwa, ku ɗauki mai rajista guda wanda kuka amince da shi ku biyu, ku nemi ganin lambarsa kafin ya sauke na'ura, kuma kada ka aza bulo ko ɗaya sai ya sake kafa turakun.